Furen wuni ɗaya a Yamai: ya yi fure sau ɗaya ya tsaya, ina matsalar take?

Maman Nana, Yantala:
Assalamu alaikum ƴan uwa masu garka. Shawara nake nema, don abin ya fara damuna. Bara cikin Oktoba yayata da ke zaune a Liyon, ƙasar Faransa, ta zo ganin gida, ta kawo mini gindi huɗu na wani fure da Faransawa ke kira emerokal. A takardar da ke jikinsa an rubuta Stella de Oro, kuma an ce mai maimaita fure ne, in ya gama zubi ɗaya sai ya sake fitar da wani. Na dasa su a tukwanen roba baƙaƙe, na jera a tsakar gida inda rana ke bugu tun hantsi har la'asar, don takardar ta ce yana son rana. Cikin Fabrairu biyu suka yi fure, ruwan ɗorawa mai kama da zinariya. Kowane fure da safe yake buɗewa, washegari ya yanƙwane, wani ya buɗe a madadinsa. Wajen mako biyu muna kallo ni da yara. Daga nan shiru. Yanzu ga mu ƙarshen Afrilu, ganyen na ƙonewa daga baki, ɗaya ma ya kwanta gaba ɗaya. Ina ba su ruwa safe da yamma, na zuba takin zamani na ure sau biyu. Me na yi ba daidai ba? Ko dai ya mutu ke nan?

Baba Mai Garka, Gamkalle:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Kafin a yi nisa, gobe da azahar ki je ki ɗora tafin hannunki a jikin tukunyar nan. In kin iya barin hannun ya daɗe to ki faɗa mini. Baƙar roba a ranar Afrilu dafa saiwa take yi. Sannan ure a wannan zafi, ga ƙasa ƴar kaɗan cikin tukunya, wuta ce kika ƙara a kan wuta. Ki tsayar da uren yau. Ki janye tukwanen zuwa inuwa.

Maman Nana, Yantala:
To Baba, na gode. Amma takardar fa ta ce rana sosai, aƙalla awa 6.

Baba Mai Garka, Gamkalle:
Wanda ya rubuta takardar ranar garinsu ya sani. Shekara talatin da wani abu ina reno a bakin kogi, duk furen da aka kawo mini daga Turai da wannan magana ta rana sosai, ranar safe kawai nake ba shi. Daga ƙarfe 11 ya shiga inuwa.

Ɗan Adar, Tawa:
Ku yi mini haƙuri, ni ban ga dalilin wannan wahala ba. Hure da ba shi kai kwana biyu, a riƙa ba shi ruwa sahe da marece cikin rani? Mu nan Tawa akwai unguwar da sai tsakar dare ake tashi tarbon ruwa. Ga kariya nan, tamu ce, wata guda ba ruwa tana nan, kuma hurenta na makonni. Ga bugenbil. Mi ya kai mu ga kayan ƙasar sanyi?

Maman Nana, Yantala:
Malam, maganarka gaskiya ce, kuma ina da kariya har uku. Wannan kyautar yayata ce, shekara bakwai rabona da ita kafin zuwan nan. Shi ya sa ba na son ya mutu a hannuna.

Malam Injiniya, Lazare:
Salamu alaikum. Noma na karanta, kuma na taɓa renon wannan fure, don haka bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri.

Da farko Maman Nana, yanƙwanewar fure bayan wuni ɗaya ba ciwo ba ce, halittarsa ce. Sunansa na ilimi Hemerocallis, daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya wuni ɗaya kuma kyau. Asalinsa gabashin Asiya ne, Sin da Koriya da Jafan. Kowane karan fure na ɗauke da ƙullin fure da yawa, suna buɗewa bi da bi, shi ya sa kika yi mako biyu kina kallo.

Wanda ke hannunki sananne ne ƙwarai. Wani mai haɗa iri a jihar Indiyana ta Amurka, Walter Jablonski, shi ya fitar da shi a 1975, kuma a 1985 ya ci lambar Stout, wadda ita ce babbar lambar masu wannan fure a can. Da gaske yana maimaita fure, ba ƙarya aka rubuta ba. Sai dai akwai abin da takardar ba ta faɗa miki ba. Wannan fure kashi uku ne wajen ganye. Akwai mai barci, wanda ganyensa ke mutuwa duka da sanyi, gindin ya huta a ƙasa, sannan ya farka da ƙarfi. Akwai mai ganye kullum, wanda ba ya barci. Akwai na tsakiya. Stella de Oro cikin masu barci yake. A Liyon ruwa na daskarewa da sanyi, don haka yana samun hutunsa. Mu nan Yamai hunturunmu da dare yakan sauka wajen digiri 15, wannan kuwa ba sanyi ba ne a wurinsa. Furen da kika gani a Fabrairu da abincin da ya tara a saiwarsa can Faransa ya yi shi. In bai samu hutu ba, irin wannan yakan riƙa raguwa shekara bayan shekara a ƙasa mai zafi. Shi ya sa masu reno a Fulorida suka fi dogara da masu ganye kullum.

Ban ce ki fid da rai ba. Na ce dai kada ki auna shi da abin da yake yi a gidan yayarki.

Ɗan Adar, Tawa:
To kun ji. Abin da nike hwaɗi ke nan.

Malam Injiniya, Lazare:
Ba daidai da abin da ka faɗa ba ne Malam. Kai ka ce a bar furen duka. Ni na ce a zaɓi irin da ya dace. An yi rajistar iri dubu goma-goma na wannan fure, ba za a yanke musu hukunci da guda ɗaya ba.

Hajiya Babba, Kwara Kano:
Ni shaida ce a kan wannan. Shekara shida ke nan ina da shi. Wata maƙwabciyata da ta tashi ta koma Kwatano ta bar mini gindi uku, ban san sunansu ba, furen ruwan lemo ne, ganyen kuma ba ya mutuwa ko da hunturu. Yanzu sun cika wuri mai tsawon taki huɗu. Shekarar farko ban ga fure ko ɗaya ba, har na so in tumɓuke. Ta biyu ya yi sau ɗaya. Tun daga ta uku yake yi mini sau biyu, ɗaya wajen ƙarshen sanyi, ɗaya kuma in damina ta zauna, cikin Yuli ko Agusta. Tsakaninsu, Afrilu da Mayu, ba na neman komai a wurinsa sai ya rayu.

Ga yadda na yi. A ƙasa na dasa, ba tukunya ba, gabas da ɗakin girki, inda bango ke tare masa rana da zarar ta karkata. Na haƙa rami kamu biyu, na cakuɗa yashin gidan da ruɓaɓɓen kashin tumaki wanda ya shekara, da ɗan laka da aka kawo mini daga bakin kogi don ƙasar ta riƙe danshi. Sama na shimfiɗa ɓuntun shinkafa daga Saga, kaurin yatsa uku, amma ba na barin ɓuntun ya taɓa wuyan tsiron. In Maris ya raba sai yarona ya kafa sanda huɗu ya ɗora tsohuwar zana mai ramuka, haske na shiga, zafin ba ya shiga. Ranar da aka yi ruwan farko mai kyau nake sauke ta.

Maman Nana, Yantala:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Ruwan fa, sau nawa?

Hajiya Babba, Kwara Kano:
Da bazara kullum da asuba, sau ɗaya, amma ya ƙoshi har ƙasa. Da sanyi bayan kwana biyu ko uku. Da damina sai in an yi mako ba ruwa. Ba na zubawa a tsakiyar ganye, gefe nake zagayawa.

Baba Mai Garka, Gamkalle:
Hajiya ta faɗi abin da ya fi komai, wuyan tsiro. Inda ganye ya haɗu da saiwa. Ɗiyata, da kika dasa, nawa kika binne wannan wuri?

Maman Nana, Yantala:
Na binne sosai Baba, wajen tsawon yatsa ko fiye, don na ga saiwar na da kauri kamar ƙananan dankali, na ɗauka kamar albasa ake yi.

Malam Injiniya, Lazare:
To ga matsala ta biyu. Ba albasa ba ce, ba ya da kai irin na albasar kwaɗi da ke fitowa a fadama da damina. Saiwa ce mai nama da ke ajiye ruwa da abinci. Wuyan bai kamata ya nutse fiye da santimita 2 zuwa 3 ba. In ya nutse fure na raguwa, in kuma aka haɗa da zafi da ruwa safe da yamma sai ya ruɓe. Wanda ya kwanta ɗin, ki ja ganyen tsakiya a hankali. In ya zare ba wuya, gindinsa ya yi laushi yana wari, ruɓa ce. In kuwa wuyan na da tauri, fari tas, to zafi ne ya sa shi ya janye, yana iya tohowa.

Yaya Zabarkan, Harobanda:
Tambaya gare ni. Tunda sanyi yake so, me zai hana a tone shi a sa a firiji wata biyu, sannan a mayar? Na ji ana yi wa wasu furanni haka.

Malam Injiniya, Lazare:
Ana yi wa masu kai irin na albasa, kamar tulif, don su busasshen kai ne da ke jure ajiya. Wannan saiwa ce ɗanya. Wata biyu cikin leda a firiji, ga wuta na ɗaukewa tana dawowa, sanyi ya zo ya tafi, ko ta bushe ko ta yi fumfuna. Sannan tonon kowace shekara kansa na hana shi kafuwa, alhali sai gindi ya kafu ya yi ƙarfi yake maimaita fure. Ni ban ba da wannan shawara ba.

Ɗan Adar, Tawa:
Yanzu hure ma sai an sa mai firiji. Ni ina nan kan bakana. Ku lissafa ruwan da Hajiya ke zubawa kullum da asuba wata uku, ku gani ko bai shayar da gida guda ba.

Hajiya Babba, Kwara Kano:
Na lissafa ɗana. Bokiti biyu ne, kuma rabinsa ruwan wankin shinkafa da na ganye ne da muke tarawa a ɗakin girki, da na alwala. Ruwan omo ne kawai ba na kai masa. Ni ma na san darajar ruwa, a ƙauye na tashi, da guga na ja ruwa har na yi aure.

Malam Injiniya, Lazare:
Damuwar Malam na Tawa tana kan hanya, kada a raina ta. A ƙasashen da ake renonsa, ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne ruwa santimita biyu da rabi a mako, wato lita 25 ga kowane mita murabba'i. A yashinmu, da rana mai wuce digiri 40, wannan ba zai isa ba, sai an ninka. Saboda haka wanda ba ya da tabbacin ruwa da bazara, ko ya tsaya ga gindi biyu uku, ko ya bari. Abin da ke rage asarar shi ne rufin ƙasa irin na Hajiya, da kuma tsohuwar dabarar binne tulu. A samu tulun ƙasa wanda ba a shafe ba, a binne shi har wuya tsakanin tsirrai, a cika shi a rufe bakin. Ruwan yana tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take, rana ba ta shan komai.

Ɗan Adar, Tawa:
Wannan ta tulu na yarda da ita. Kakana haka shike yi ma ɗan itacen lemo. In da tulu ne, to ba ni da ja.

Baba Mai Garka, Gamkalle:
Ɓuntu da ɓawon gyaɗa duka suna da kyau, amma ku riƙa ɗagawa kuna dubawa saboda gara. In kun ga ta fara gini ku kwashe, ku barbaɗa toka a gefe, ku bar wurin ya sha iska kwana biyu. Wani abin kuma jan gizon nan da ke cin tumatir da yalo da rani. Yana son ganye mai ƙura. In kin ga ganye ya yi ɗigo-ɗigo fari kamar an yayyafa gari, juya bayansa. Ni ruwa nake fesawa a bayan ganye da sassafe, in ya yi yawa in jiƙa dakakken ƙwallon dogon yaro ya kwana, in tace in fesa da yamma.

Maman Nana, Yantala:
Akwai wani abu da ban faɗa ba. Bayan furen ya faɗi, wasu ƙwallaye kore sun fito a kan karan. Na bar su, na ce ko iri ne in shuka in samu ƙari. Har yanzu suna nan.

Hajiya Babba, Kwara Kano:
Kai, cire su yanzu! Duk ƙarfin da zai sa a zubi na biyu can yake tafiya. Ni kowace safiya in na fito nakan tsinke furen jiya tare da ɗan kumburin da ke gindinsa, in karan ya ƙare duka in yanke shi ƙasa da almakashi. Stella ɗin nan ma na ji an ce ba ya wasa da yin iri.

Malam Injiniya, Lazare:
Haka ne, yana yawan ɗaura kwanso. Kuma ko kin shuka irin, abin da zai fito ba lallai ya yi kama da uwar ba, don haɗaɗɗen iri ne, ga shi sai an jira shekara biyu ko uku kafin a ga fure. Hanyar samun ƙari ita ce raba gindi. In ya cunkushe, bayan shekara 3 zuwa 5, a tone shi duka, a wanke ƙasar, a raba kowane kashi da ganye biyu ko uku da saiwarsa, a rage tsawon ganyen, a dasa da tazarar santimita 45 zuwa 60. Littattafan Turai za su ce a yi da bazararsu ko kakarsu. Mu nan lokacinmu Nuwamba ne zuwa Disamba, in zafin Oktoba ya karye. Raba shi cikin zafi, ko tsakiyar damina, gayyatar ruɓa ne.

Taki kuma lokaci biyu ya isa: farkon sanyi da farkon damina. Ruɓaɓɓen taki ya fi, in za a ƙara na zamani to ɗan 15-15-15 cikin cokali, nesa da wuya, a bi da ruwa. Ure zalla ganye yake turawa, fure ya yi ƙaranci.

Likitar Dabbobi, Filato:
Ku ba ni dama in sa baki, don ban ga wanda ya ambata ba. Duk mai mussa a gida ya kula. Wannan fure guba ne gare ta, ganye da fure da garin furen duka, ƙoda yake kashewa, kuma kaɗan ya isa. In kun ga ta tauna, ko tana amai ta daina cin abinci, kada a jira gobe, a kai ta asibitin dabbobi a ranar.

Maman Nana, Yantala:
Innalillahi. Muna da mussa, kuma a gindin tukwanen take kwana saboda danshi. Na gode Likita, yau zan kewaye wurin da waya.

Yaya Zabarkan, Harobanda:
Abin mamaki, ni kuwa na ji a Sin cinsa ake yi.

Malam Injiniya, Lazare:
Gaskiya ne, suna busar da ƙullin furen wani irinsa su sa a miya, ana sayarwa a kasuwanninsu. Amma wanda aka saya don ado ba a san maganin da aka fesa masa ba, kuma wasu mutane cikinsu ba ya karɓa. Kada yara su ji wannan su fara tsinka. Wani abin da nake so in ƙara ga masu aiko da tsiro daga waje: a nemi takardar lafiyar tsiro, a kuma duba bayan ganye. Akwai wata cuta da ake kira tsatsa, mai gari ruwan lemo, da ke kama wannan fure, a shekarar 2000 aka fara ganinta a Amurka, kuma ta fi ƙarfi a wurare masu ɗumi da danshi. In an shafa farin ƙyalle a bayan ganye ya fito da launin lemo, a yanke ganyen duka a ƙone.

Hajiya Babba, Kwara Kano:
Kuma in za a aiko, a zaɓi mai haske, ruwan ɗorawa ko ruwan lemo. Wata ƙawata ta kawo ja mai duhu, kafin ƙarfe 10 furen ya koɗe ya yi kamar an zuba masa ruwan zafi.

Maman Nana, Yantala:
Salamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana goma sha takwas. Na yi yadda Malam Injiniya ya ce. Wanda ya kwanta na ja ganyen ya zare, gindin ya zama kamar dafaffiyar kabewa, na zubar da shi har ƙasar tukunyar. Sauran ukun wuyansu na da tauri. Ban tone su ba tunda an ce ba lokaci ba ne, na dai yaye ƙasar sama da hannu har wuyan ya kusa bayyana. Na sayo manyan tukwanen ƙasa uku a kasuwar Katako, na zura na robar a ciki, na cika tsakani da jiƙaƙƙen yashi. Suna ƙarƙashin dogon yaro yanzu, gefen gabas, waya kewaye. Na cire ƙwallayen, na daina ure, ruwa sau ɗaya da asuba. Biyu sun fitar da sabon ganye daga tsakiya, na ukun yana nan yadda yake.

Baba Mai Garka, Gamkalle:
Madalla. Na ukun ki ƙyale shi, kada ki ƙara masa ruwa don tausayi. Ki duba ramin gindin tukwanen kafin ruwan Yuni ya sauka, kada ruwa ya kwanta ciki.

Hajiya Babba, Kwara Kano:
Nawa sun cunkushe, bana zan raba su in Allah ya kai mu Nuwamba. Zan ware miki gindi uku ƙanwata, ki dasa a ƙasa kusa da na yayarki. Ki fara tara kashin tumaki tun yanzu, ki binne shi a rami ya sha damina.

Ɗan Adar, Tawa:
Hajiya, in akwai saura a aje mini ɗaya. Ina da tulu, kuma bayan ɗakin tsohuwata akwai inuwa daga azahar. Ƙanena na zuwa Yamai ƙarshen Nuwamba, shi zai amso.

Hajiya Babba, Kwara Kano:
An ajiye. Ka ce masa ya zo da jiƙaƙƙen buhu, kada a sa a leda, kuma ya shiga motar safe.